Lissafin Ruwa

A garin da jarkoki ke kwana a layi,
ni aikina fitar da ruwa.

Gado na huɗu, Baba Kiyari.
Shekara talatin yana tura kurar garuwa
daga famfon Garin Malam zuwa lungunan Birni.
Yau ruwan ya biyo shi gida,
ya tare a ƙafa, ya hau ciki,
yana ƙwanƙwasa ƙofar huhu.
Na danna yatsa a ƙwabrinsa,
gurbin ya zauna
kamar sawun akuya a bakin tafki.

Furosemid, miligiram arba'in, ta jijiya.
Sannu nake turawa,
don muryar Majo Gaptiya na nan a ƙeyata
tun muna ƴan makaranta masu farar riga sabuwa:
«In hannunki ya yi gaggawa,
kunnen mara lafiya ne zai biya bashin.
Kuma kada ki ba da shi da dare
sai in numfashi ne ya tilasta,
tsoho ma yana da haƙƙin barci.»

Kafin ladan ya kira azahar
ƙoda ta ji kira.
Na ɗaga robar sama wajen taga,
na karanta layin kamar mai duban wata:
ɗari takwas.
Na rubuta abin da ya shiga,
na rubuta abin da ya fita,
har rabin kofin shayin da ya ɓoye mini.

Amma ruwa ba ya tafiya shi kaɗai.
Baƙo ne mai dogon hannu,
in zai fita sai ya saɓi fotasiyam a kafaɗa.
Shi ya sa nake tambaya:
Baba, sharaɓa tana ɗaurewa?
Zuciya tana tsallake taki?
Ina kama wuyan hannunsa
ina jin ƙaramar gangar da ke ciki.

Tsahara, ƴarsa, ta shigo da kwano a lulluɓe.
Na buɗe, na ɗanɗana.
Gishiri, da dunƙule biyu, da ƴar kanwa.
Na ce, ƙanwata,
ni ina kwarfe rijiya,
ke kina haɗo mata hadari.
Ta yi dariya, sannan ta share ido da bakin gyale.

Gado na bakwai kuwa akasin haka ne:
Malam Isufu tela,
mafitsara cike, ƙofa a rufe,
ɗigo, ɗigo, kamar famfonmu a watan huɗu.
Tamsulosin ɗaya bayan tuwon dare.
Na ce in za ka tashi, zauna tukuna a bakin gado,
ka ƙirga goma,
kada jiri ya yanka maka wandon da ba ka auna ba.

Ga Lawali can a baranda,
ya yi iyo a tafki, fitsari ya koma ja.
Uwarsa ta rantse zafin rana ne.
Na ce tsargiya ce, Inna.
Na ɗora shi a sikeli, na ƙirga ƙwayoyin,
na ce sai ya ci wani abu kafin ya haɗiye
don ɗacinsu ba ya jin rarrashi.

Da magariba na koma gado na huɗu.
Numfashi ya sauko,
matashin kai uku sun koma biyu.
Ya ce, nawa na yi yau?
Na ce lita biyu da rabi.
Ya yi tsaki:
ko gindin jarka ban rufe ba,
wa zai ba ni dala a kan wannan?

Na miƙa littafi ga mai gardin dare,
na hau kabu-kabu,
duwatsu na ta huce zafin yini.
A gida na murɗa famfo.
Ya yi tari sau biyu,
ya yi shiru.
Na fitar da jarka ƙofar gida,
ina sauraren ƙarar kura a lungu.